Zuwa Ingila da ƙananan yara: a wane gari za a sauka?

Ƙanwar wata ƙawata ce, nas ce kamar ni, ta ci jarabawar Turanci da ta aikin nas da ake yi a kwamfuta tana neman aiki a nan Ingila, yaranta biyu, babban shekara 5 ƙaramar shekara 2. Mun kusa awa biyu a waya tana jero min tambayoyi, daga baya maigidanta shima ya karɓa ya yi nasa. Irin tambayoyin da nima na rasa wanda zan yi wa ne a 2022 lokacin da muke shirin tahowa, shi yasa na rubuta su da amsar da na basu, har da abinda na manta ban faɗa ba a wayar.

Anti, wai har yanzu ana barin mutum ya taho da iyalinsa? Naji ance an hana.

Ya danganta da ƙofar da kika shigo ta ciki ƙanwata. Tun Janairun 2024 wanda ya zo mastas na zaman aji baya zuwa da mata ko miji ko yara, sai masu digirin bincike irin PhD da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Daga 11 ga Maris 2024 masu aikin kula da tsofaffi suma an hana su kawo iyali, a Yulin 2025 kuma aka rufe ɗaukar sababbi daga waje gaba ɗaya. Nas da likita kam suna zuwa da nasu, kuma bizarmu ta ma'aikatan lafiya an ɗauke mata harajin asibiti da sauran suke biya, fam 1,035 a shekara kan babba, fam 776 kan yaro. Ki lissafa mata da miji da yara biyu na shekara uku, fam 10,866 kenan a dunƙule tun kafin a taka jirgi, ke kuma ba zaki biya ko sisi a ciki ba. Dokokin nan suna yawan canzawa, duk abinda na faɗa ki sake dubawa a shafin gwamnatinsu na gov.uk ranar da zaki cike takarda. Kuma dan Allah duk ejan ɗin da ya ce ki kawo miliyoyi ya sayar miki da takardar ɗaukar nauyi, wato wadda mai ɗaukarki aiki ke bayarwa don ki samu biza, ki guje shi, asibitin gaske baya sayar da ita, na ga waɗanda suka sayar da fili suka zo suka tarar babu aikin kwata-kwata.

Ni fa Landan nake so, can ne na san mutane.

Nima haka nace. A gefen Landan muka fara zama, mu huɗu a ɗaki ɗaya, kicin da banɗaki muna haɗawa da wasu mutum uku da bamu sani ba, kullum ina cikin hana yara gudu kar maƙwabta su yi ƙorafi, yaron da ya saba tsakar gida a Zariya kinga ai an takura shi. Matsakaicin kuɗin haya a Landan ya haura fam 2,000 a wata, a yankin Yorkshire bai kai 1,000 ba. Eh ana ƙara wa ma'aikatan NHS, wato hukumar asibitocin gwamnati, kuɗi idan a Landan suke, a tsakiyar garin har kashi 20 cikin ɗari, amma ƙarin baya cike ramin da haya ke haƙawa. Albashin nas kusan ɗaya ne a duk Ingila, mataki-mataki ne, toh wadda ke Bolton ko Bradford tana karɓar kusan abinda kike karɓa amma tana zaune a gida mai ɗaki biyu ko uku da ɗan fili a baya. Su mutanen da kika sani a Landan ɗin ki tambaye su tsakaninku da Allah sau nawa suke ganin juna. Garin faɗi gare shi, daga Peckham zuwa wata unguwar a arewa sai ki yi awa ɗaya da rabi a jirgin ƙasa da bas, kowa kuma yana duti. Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni muka tattara muka dawo kusa da Manchester, kuma wlh ban taɓa nadama ba.

To wane gari zan zaɓa kenan?

Gaskiyar magana aikin ne ke fara zaɓa miki, don bizarki a ɗaure take da wanda ya ɗauke ki. In zaki canza asibiti sai an baki sabuwar takardar ɗaukar nauyi kin sabunta biza, in kuma aikin ya kuɓuce yawanci kwana 60 ake baki ki samu wani ko ku bar ƙasar, ke da duk wanda ke ƙarƙashinki. Saboda haka tun wajen neman aikin ake zaɓen gari, kar ki tura takarda inda kin san ba zaki iya zama ba.

Ni abinda nake dubawa guda huɗu ne, haya, makarantar da yaro zai iya zuwa a ƙafa, masallaci da naman halal, sai kuma ko akwai mutum ɗaya tak da zan iya buga wa waya ƙarfe biyun dare. A ƙidayar 2021 Birmingham da Bradford kusan kashi 30 cikin ɗari na mutanensu musulmi ne, Leicester da Manchester sun ɗan haura kashi 20. A irin garuruwan nan hijabi ba abin kallo bane, makarantu da yawa suna dafa halal, ranar sallah malamai sun san yara ba za su zo ba. Manchester tana da 'yan Najeriya sosai, layin Moston kaɗai zaki samu doya da manja da garin rogo da busasshen kifi, amma hayar cikin garin ta yi tsada yanzu, shi yasa mutane ke fita Bolton, Oldham, Rochdale. Sikotlan ma kar ki raina ta, a Glasgow magani kyauta ne ga kowa, a Ingila kuwa babba yana biyan fam 9.90 kan kowane magani da likita ya rubuta, sannan a Sikotlan ɗin waɗanda basu kai shekara 22 ba suna hawa bas kyauta. Sanyinta da duhunta dai sun fi.

Makarantar babban fa, ana biya?

Ta gwamnati kyauta ce ga yaran masu bizar aiki irin tamu. Yaro yana shiga ajin share fage a watan Satumba bayan ya cika shekara 4, kuma a Ingila daga wannan ajin zuwa aji biyu abincin rana kyauta ne. Abinda mutane basu sani ba shine adireshin gida ne ke ba yaro makaranta, wadda ake rububi sai na kusa da ita suke samu, wani lokacin tazarar layi biyu ce ke raba wanda ya samu da wanda bai samu ba. Ana rufe neman gurbin firamare 15 ga Janairu, sakamako ya fito 16 ga Afrilu. In kun zo a tsakiyar shekara, ƙaramar hukuma da suke kira kansil ita zata nemo muku inda akwai gurbi, kuma ba lallai ya zama kusa ba. Mu bas biyu muke hawa da safe a watannin farko, cikin ruwan sama da keken jariri. Kafin ki sa hannu a takardar haya ki saka lambar unguwar a intanet ki ga makarantun da ke kewaye, ki karanta rahoton Ofsted, hukumar da ke duba ingancin makarantu, na kowacce, ki kira kansil ki ji ko suna da gurbi a ajin ɗanki.

Ita ƙaramar wa zai riƙe min ita in ina duti?

Yawwa, wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran nauyi, kuma ita mutane suka fi tsallakewa. A gida baki ma san ana taimaka miki ba, ga Hajiya, ga ƙannen miji, ga 'yar maƙwabta da zata goya ta ki je kasuwa ki dawo. Nan babu ko ɗaya. Dutinmu awa 12 ne da ɗoriya, dare da rana, makaranta kuma ƙarfe uku da 'yan mintuna ake tashi, dole wani babba ya tsaya a bakin get. Gidan renon yara na cikakken wuni kuɗinsa yana iya kamo kuɗin haya. Gwamnati tana ba duk ɗan shekara 3 da 4 awa 15 a sati kyauta na sati 38 a shekara a Ingila, a Sikotlan awa 1,140 a shekara wato ninki biyu, amma 'yar shekara 2 da saura. Sannan bizarmu an rubuta mata cewa bamu da haƙƙin tallafin gwamnati, kuɗin yara da ake ba 'yan ƙasa duk wata ba namu bane, kar ki saka shi a lissafi.

Abinda yawancinmu muke yi karɓa-karɓa ne, ina dawowa daga dutin dare ƙarfe takwas na safe shi yana fita, mu haɗu a bakin ƙofa. Akwai satin da ni da Abban yara bamu zauna mun ci abinci tare ba ko sau ɗaya, kuma auren mutane da yawa a nan ne yake fara tsami, ba don rashin so ba, gajiya ce kawai da rashin wanda zai shiga tsakani. Ku zauna tun a gida ku yi maganar nan ɓaro-ɓaro, shin ya yarda ya yi wanka wa yara ya kai su makaranta ya ɗora tukunya, shin ya yarda ya fara da aikin sito ko tuƙin kai kaya alhali a gida babban ma'aikaci ne. In an kawo Hajiya ma bizar ziyara ce, wata shida iyaka ta koma. Shi yasa nace ki zaɓi garin da kike da mutum ɗaya na amana kusa, ko da garin bai da suna. Wata baiwar Allah 'yar Gombe da ke bayan layinmu ita ta riƙe min yara ranar da aka kwantar da ni haihuwa, da a Landan ne ban san yadda zan yi ba.

Maigidanta ya karɓa: Hajiya, ni tsorona tarbiyya da addini, kuma ance ko tsawa ka yi wa ɗanka sai a ƙwace shi.

Malam, an ƙara gishiri amma akwai ƙamshin gaskiya. A Sikotlan tun 2020, a Wales tun 2022, dukan yaro kowane iri laifi ne. A Ingila duk dukan da ya bar shaida a jiki ko aka yi da bulala ko waya, magana ce ta 'yan sanda da ma'aikatan jin daɗin yara, kuma malaman makaranta aikinsu ne su kai rahoto in yaro ya faɗa. Barin ƙananan yara su kaɗai a gida shima yana jawo wannan. Faɗa da hana kallo da hana fita wasa ba wanda zai ce maka komai. A ajiye bulala a filin jirgin Kano kawai.

Islamiyya akwai, yawanci da yamma bayan makaranta ko ƙarshen sati, ana biya. Sai dai a garuruwan arewa masallatan galibi na 'yan asalin Pakistan da Indiya da Bangladesh ne, Hanafiyya, za ka ga la'asar ɗinsu tana yin baya, wani wajen wa'azin da Urdu, kuma ba abin mamaki bane gari ɗaya a yi sallah rana biyu saboda saɓanin ganin wata. Mu mun haɗa biyu, suna zuwa ta unguwa, sannan wani malami daga gida yana musu ƙari ta waya. Hausa kuwa in baku dage ba shekara ɗaya ta isa yaro ya daina mayar muku da ita. A gidanmu in ka tambayi ruwa da Turanci sai ka maimaita.

Sanyin fa? Da wariyar da ake faɗa?

Duhun ya fi sanyin wahala. A Disamba nan wajenmu kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi, azahar da la'asar da magariba duk a wajen aiki, yara su fita da duhu-duhu su dawo magariba ta kusa. A ba su bitamin D, baƙar fata tana buƙatarsa a nan. Wajen duba gida ki leƙa bayan labule da kusurwar bango ko akwai danshi da baƙin fumfuna, yana sa wa yara tari, ki tambayi takardar da ke nuna yadda gidan ke riƙe zafi, daga A zuwa G take, in ya yi ƙasa bil ɗin gas zai cinye ku. Kuɗin ajiya a dokar Ingila baya wuce hayar sati biyar, ga harajin kansil duk wata banda haya.

Wariya akwai ta. A Agustan 2024 bayan kisan yara a Southport an yi tarzoma, an far wa masallatai da otal-otal ɗin masu neman mafaka a wurare irin su Rotherham da Middlesbrough da Sunderland, sati guda ban bar yarana sun je filin wasa ba. Yau da gobe dai yawancin maƙwabta ba ruwansu, wasu ma mutanen kirki ne ƙwarai. Amma ƙaramin garin da 'yarki zata zama ita kaɗai baƙa mai ɗankwali a aji, ni bana ba da shawararsa komai arhar hayarsa.

In na haihu a can ɗan ya zama ɗan ƙasa ko?

A'a, wannan Amurka da Kanada ne. Tun 1983 haihuwa a Birtaniya kaɗai bata ba da fasfo, sai in ɗaya daga iyayen ɗan ƙasa ne ko yana da zaman dindindin. Autana nan aka haife shi, fasfon Najeriya gare shi da biza kamar yayyensa. Idan kun samu zaman dindindin sai a yi masa rajista.

Mu taho gaba ɗaya, ko in fara zuwa?

Da zan sake, ni kaɗai zan fara zuwa na wata biyu ko uku. Kafin ki ci jarabawar OSCE, wato gwajin aikin nas a aikace da ake yi a nan, albashinki bai kai na cikakkiyar nas ba, masaukin da asibiti ke bayarwa a farko yawanci na mutum ɗaya ne, masu gidan haya kuma suna son ganin takardar albashi kafin su baki makulli. Ki ci jarabawar, ki taka unguwannin da ƙafarki da rana da kuma bayan isha'i, ki kama gida kusa da makaranta, sannan su taho shi da yaran tare, don ba a cika ba yara biza ba in ɗaya daga iyayen zai zauna a gida. In da hali su sauka a Yuli ko Agusta, rana tana kaiwa tara na dare, su saba da garin kafin a koma makaranta a Satumba. Ki ce ya taho da kuka da daddawa da yaji da busasshiyar kuɓewa da katin rigakafin yara, amma kilishi da man shanu kar ya saka a jaka, nama da kayan madara daga Najeriya an hana shigowa da su, ƙwacewa za su yi a filin jirgi.