Ginin tukwane a karkarar Kano da Jigawa

Ginin tukwane sana'a ce ta sarrafa yumɓu da hannu, a busar da shi, a gasa shi da wuta har ya zama mazubi. Mai wannan sana'a shi ake kira magini, mace kuma maginiya. A ƙauyukan Kano da Jigawa yawanci gadonta ake yi, yaro yana tasowa yana cuɗa ƙasa tun kafin a yarda ya taɓa bakin tukunya.

Komai yana farawa ne daga ƙasa. Ana haƙo yumɓu a fadamu da bakin kududdufai, musamman a yankunan da kogin Kano da kogin Haɗeja suka ratsa, a jiƙa shi ya kwana, a tsince tsakuwa, sannan a tattake shi da ƙafa. Zallar yumɓu ba ta jure wuta, don haka ake garwaya shi da ƙaiƙayi ko yashi ko dakakken tsingaro. Gwargwadon haɗin ba shi da ma'auni sai tafin hannun magini, kuma a nan ne gwani ya fi ɗan koyo.

Ba a amfani da injin juyi. Magini yakan kifa tsohuwar tukunya, ya barbaɗa mata toka ko busasshiyar ƙasa, ya shimfiɗa yumɓu a bayanta yana bubbugawa har gindin sabuwa ya fito. Idan ya ɗan sha iska sai ya ɗaga shi, ya ci gaba da ɗora yumɓu, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, har zuwa wuya. Baki ake yi a ƙarshe da jiƙaƙƙen tsumma. Adon ma ba shi da hayaniya: a shafa jan ƙasa, a goge da santsin dutse, ko a mirgina igiya ta bar zane a kafaɗa.

Aikin na rani ne. A inuwa ake fara shanya, domin iskar hunturu tana tsaga ɗanyen gini. Gashi shi ne ranar fargaba: a jera tukwane a rami ko fili, a rufe da kara da ciyawa da busasshen kashin shanu, a cinna wuta da yamma. Tukunya guda mai sauran danshi tana iya fashewa ta ɓata maƙwabtanta. Da safe a ƙwanƙwasa kowace, amonta ne zai nuna ko ta gasu.

Kayan da ake ginawa sun haɗa da randa, tulu, tukunyar tuwo, kaskon wuta, kaskon turare, tandar waina, madambaci, asusu da indararo. Ana kai su kasuwannin mako irin na Wudil ranar Juma'a.

Roba da alminiyom sun ƙwace wa tulu da tukunya kasuwa, amma randa ta tsaya da ƙafarta. Jikinta yana da ƙananan kafofi da ruwa ke tsattsafowa, iska ta busar da shi, sauran na ciki ya yi sanyi ba tare da lantarki ba. Sunan da aka fi sani a wannan fanni a Najeriya shi ne Ladi Kwali, Bagwariya, wadda ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954, kuma hotonta yake jikin takardar naira 20. Maginan karkarar Kano kuwa ba sa rubuta suna a jikin kayansu, masu saye dai suna gane hannun kowa daga kaurin baki da zanen kafaɗa.