Jarumi da matsoraci: amsoshin tambayoyin da matasan Jos suka ishe ni da su

Shekara tara ke nan ina zama da matasan unguwarmu a zauren mai unguwa duk daren Laraba bayan sallar isha'i. Yara suna girma su tafi, wasu su zo, amma tambayoyin ba sa canzawa, musamman idan gari ya ɗan yi zafi aka sa dokar hana fita. Bakina ya gaji. Ga amsoshin a rubuce, wanda ya sake tambayata nan zan turo shi.

Malam, wane ne jarumi?

Wanda wani ya tsira da ransa ko mutuncinsa ta dalilinsa, alhali ya san abin zai iya cin nasa ran, ko dukiyarsa, ko sunansa a unguwa. In ba don wani ya tsira ka yi ba, taurin rai ne kawai, kuma ɗan fashi ma yana da shi.

Jarumi yana jin tsoro?

Yana ji. Wanda ba ya jin tsoro ko kaɗan, ko dai ƙwaya ce ke aiki a kansa, ko bai ga abin tsoron ba tukuna. In ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba.

Mu da muke fita kare unguwa idan rikici ya tashi fa? Ai mu ne mazan.

A nan muke ɓatawa da ku. Akwai wanda ya tsaya a bakin layinsu don kada a shigo a ƙona gidaje da mata da yara a ciki. Wannan ban taɓa zarginsa ba. Akwai kuma wanda ya tsallaka titi ya shiga unguwar wasu, ko ya tare mai wucewa da bai san hawa ba bai san sauka ba, yana tambayarsa sunansa. Ku sai ku haɗa su a kwano ɗaya ku ce "maza sun fita". Ba ɗaya ba ne, ko a wurin Allah ko a wurin hukuma.

A rikicin ƙarshen Nuwamba 2008, wanda ya biyo bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, ina cikin masu ɗaukar gawa zuwa babban masallacin Juma'a. Akwai wani yaro da har yau nake ganinsa a idona. Bai kai ashirin ba, yaron wani tela ne. Da muka juya shi, ga layu ɗaure a damtsensa, ga tef ɗin awo da guntun alli a aljihunsa. Can nesa da layinsu ya faɗi, don abokansa sun ce masa duk wanda ya zauna gida mace ne. Kwana uku ana zaman makoki ana cewa namiji ya tafi. Bayan sadakar bakwai ba wanda ya sake taka ƙofar gidan. Mahaifiyarsa ta koma suyar awara a bakin titi, ƙannensa biyu suka bar makaranta. Ku gaya mini wanda ya tsira ta dalilin fitarsa.

Ke nan gudu ba ragwanta ba ne?

Ya danganta da wanda ka bari a baya. A yaƙin Mu'uta, bayan an kashe kwamandoji uku a jere, Zaidu da Ja'afar da Abdullahi ɗan Rawaha, Khalid ɗan Walid ya karɓi tuta ya janye rundunar da dabara har ya komo da ita Madina. Wasu mutanen gari suka tarye su da gori suna kiran su masu gudu, Manzon Allah (SAW) kuwa bai yarda da wannan sunan ba.

Ko a tarihinmu, da Turawa suka ci Sakkwato a Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas, ya yi shahada a Burmi a watan Yuli. Waziri Buhari ya zauna ya yi sulhu don kada jama'a su rasa jagora, har ya rubuta wa malamai wasiƙa yana bayyana hujjarsa da damuwar da ke ransa. Ni ban isa in kira ɗayansu matsoraci ba, balle kai da ka karanta rabin labarin a Facebook.

Gudun da yake ragwanta shi ne ka zuga wasu su shiga, kai ka sulale ta lungu.

To wane ne matsoracin?

Wanda ba ya iya ɗaga hannu a kan mutum sai yana cikin taron mutum hamsin. Wanda yake kwance a ɗakinsa yana tura saƙon murya ta WhatsApp cewa an fara kashe mutanenmu a Farin Gada, bai gani ba, bai tambaya ba. Babban mutumin da 'ya'yansa ke karatu a Abuja yana saya wa 'ya'yan talakawa fetur da ƙwaya. Ɗan sara-suka da ke tare yarinya ya ƙwace mata waya da wuƙa.

Da ni. Ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001 ina da shago a wajen Bauchi Road, na kulle kaina a ciki da na ji gari ya rikice. Wani mai gyaran rediyo, Kirista, wanda kullum muke gaisawa, ya zo da gudu yana buga ƙofa yana kiran sunana. Na gane muryarsa. Hannuna yana kan sakata, na kasa zarewa, ina jin ƙarar takalmansa har ya yi gaba. Ban sake ganinsa ba. Abin da ya zaunar da ni a zauren nan duk Laraba ke nan, don haka in na yi muku faɗa ku san daga inda yake fitowa.

Kullum sai ka kawo mana limamin Barkin Ladi.

Zan kuma ci gaba da kawo shi. Ranar 23 ga Yuni 2018 mahara suka afka wa ƙauyukan yankin, mutane suka gudo ƙauyen Nghar. Malam Abubakar Abdullahi, yana da shekara 83, ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kiristoci, mata a gidansa maza a masallaci. Da maharan suka zo ya fito ya tsaya, ya ƙi buɗe ƙofa, ya roƙe su, har ya ce su kashe shi a maimakon baƙinsa. Ko sanda babu a hannunsa. A 2019 gwamnatin Amurka ta karrama shi, amma ranar da ya tsaya a ƙofar nan bai san zai kai magariba ba.

Malam, a ce an tare wani a layinmu, ana ihun ɓarawo ko ana cewa ba namu ba ne, ni kaɗai nake ganin ba daidai ba. In shiga ko in yi shiru?

Wannan ita ce tambayar da ba na son a yi mini a tsaye, don ba ta da amsa ɗaya, kuma duk abin da na faɗa, ranka ne za ka sa, ba nawa ba.

Fara duba inda abin ya kai. Taron da yake ta surutu da turereniya daban, taron da aka riga aka kawo taya da fetur daban. Na farkon yana jin magana. Na biyun, in kai kaɗai ne kuma ba su san ka ba, da wuya ka fitar da shi, mai yiwuwa ma a haɗa da kai. Liman yana da furfura, yana da shekaru masu yawa a garin, kuma duk da haka da ƙyar ya sha. Kai ɗan shekara goma sha tara ba ka da wannan garkuwar, kada ka yaudari kanka.

Amma tsakanin faɗawa cikin taro da komawa ɗaki akwai ayyuka da yawa, kuma su nake so ka riƙe. Ruga ka ɗauko wanda ake jin kunyarsa: liman, mai unguwa, ko wata dattijuwa da ta goya rabin yaran layin. Na ga Hajiya guda ta watsa taron da 'yan banga biyar suka kasa, da mayafinta kawai ta rufe mutumin ta zauna kusa da shi. In za ka yi magana, kira waɗanda ka sani da sunansu da sunan ubansu. Mutum a cikin taro yana ganin ba a san shi ba, da zarar ya ji an ce wane ɗan wane, sai hannunsa ya yi sanyi. Kada ka tsaya gardamar ya yi sata ko bai yi ba, ba za ka ci wannan gardamar ba. Ka ce a kai shi wurin mai unguwa, ko a miƙa shi ga 'yan sanda, don masu fushi su ji ba a sake shi ba. Duk dabararka ta zama ta sa ƙofa tsakaninsa da su: masallaci, kemis, gidan da ke da ƙofar baya. Wani kuma ya kira 112, ko lambar DPO in akwai mai ita, ko ya ruga shingen sojoji mafi kusa. Suna iya makara, na sani. A kira duk da haka.

Batun shigar da shi gidanku kuwa, nan nake taka-tsantsan. In kai ne mai gida, kai da iyalinka za ku yanke, kuma matarka tana da bakin magana, don ita da yara ne a ciki idan aka cinna wuta. In gidan mahaifinka ne ko gidan haya mai ɗakuna goma, ba kai kaɗai ke da rayukan ba. Ba zan ce maka dole ba. Abin da zan iya faɗa shi ne ni na taɓa ƙin buɗewa, kuma na san nauyin da ake ɗauka bayan nan. Wani ya buɗe an ƙona masa gida. Ka auna tun yanzu da gari yake lafiya, ku yi maganar a gida, don a ranar ba a samun lokacin tunani.

In abin ya riga ya fi ƙarfinka, ja da baya, ka riƙe fuskoki, ka faɗa wa hukuma ko mai unguwa abin da ka gani. Shi ma yana da haɗari, ba zan ɓoye maka ba, kuma sau da yawa za ka ga an sako wanda ka nuna. Amma mu da muka yi kukan matafiyan da aka tare a hanyar Rukuba a Agusta 2021, da mafarautan da aka kashe a Uromi a Maris 2025, mun san zafin a ce ɗanka ne a tsakiyar taro ba wanda ya ce a bari. Uwar wancan da aka tare a layinku haka za ta ji.

Abu ɗaya da ba ya cikin wannan lissafin shi ne bam. Ranar 20 ga Mayu 2014 a kasuwar Terminus ta Jos, bam na biyu ya tashi ne bayan mutane sun taru a wurin na farko, aka rasa mutum sama da ɗari. In ka ji fashewa, yi nesa, ka hana wasu zuwa kallo.

Mace tana zama jaruma?

Wannan ma tambaya ce? Dakta Stella Adadevoh ta hana mai cutar Ebola fita daga asibiti a Legas a 2014 duk da matsin da aka yi mata, ta kamu, ta rasu a watan Agusta. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a kan 'yancin talaka da na mata. Ka tambayi mahaifiyarka yadda ta fitar da ku a rikicin 2010.

Ni dai Malam, da na ji harbi jikina rawa yake, ƙarƙashin gado nake shiga. Abokaina suna yi mini dariya. Ina da wani amfani kuwa?

Kwantar da hankalinka, ɗana. Jikin kowa yana rawa, wasu sun iya ɓoyewa ne. Garin nan bai taɓa ƙonewa don masu zama gida sun yi yawa ba. Duk wanda ya ƙi fita ya rage wa taron mutum ɗaya, duk wanda ya ƙi tura saƙon da bai tabbatar ba ya kashe wata wutar. Irin liman kaɗan ake samu, amma irinka muna bukatar dubbai, muddin tsoron naka bai kai ka ga yin ƙarya, ko nuna gidan da wani ya ɓuya, ko bin taro don kada a ce maka raggo ba. Wannan na ƙarshen shi ya kashe yaron tela.

Kuma aikinka yana nan washegari. Bayan kowane tashin hankali asibitoci jini suke nema, akwai marayu da za a kai wa abinci, akwai maƙwabcin da ya gudu ya bar shagonsa yana bukatar mai sa masa ido har ya dawo. Muna haɗa sunayen masu ba da jini a zaure. Ka zo ranar Laraba da lambar wayarka, in ka san rukunin jininka ka rubuto shi.