Harshen Ayirish: tarihinsa da farfaɗo da shi

Harshen Ayirish, wanda masu shi ke kira Gaeilge, shi ne harshen asali na tsibirin Ayalan. Yana cikin dangin harsunan Keltik, kuma makusantansa su ne Gaelic na Sukotland da Manx na tsibirin Man. Karinsa uku ne, bisa lardunan tsibirin: na Munster, na Connacht, da na Ulster. A jimlarsa aikatau ke zuwa farko, kuma harafin farkon kalma kan sauya bisa abin da ya gabace shi: kwalekwale "bád" ne, amma yakan koma "bhád" ko "mbád".

Mafi tsufan rubutunsa shi ne ogham, zane-zanen da aka sassaƙa a gefen duwatsu tun wajen ƙarni na 4. Bayan shigowar Kiristanci, malaman coci suka riƙa rubuta shi da haruffan Latin.

Koma-bayansa ya ɗauki ƙarnoni. Dokokin Kilkenny na 1366 sun hana Ingilawan da suka zauna a ƙasar yin magana da shi, alamar cewa a lokacin shi ke cinye baƙi. Al'amarin ya juya ne bayan 1607, da manyan sarakunan Ulster suka bar ƙasar, mawaƙa da malamai suka rasa iyayen gida. Makarantun gwamnati da aka kafa a 1831 da Turanci suke koyarwa. Sai babbar yunwa ta 1845 zuwa 1852, wadda ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, wasu kamar haka suka yi hijira, kuma ta fi yin ɓarna a yankunan talakawa na yamma inda harshen ya fi ƙarfi. Daga nan iyaye da kansu suka daina yi wa 'ya'yansu shi, tun da yaron da zai tafi Amurka neman abinci Turanci zai buƙata.

A 1893 Douglas Hyde da Eoin MacNeill da wasu suka kafa ƙungiyar Conradh na Gaeilge, ta buɗe azuzuwan yamma na manya. Bayan mafi yawan tsibirin ya samu mulkin kai daga Birtaniya a 1922 aka wajabta koyar da shi a makarantu, tsarin mulkin 1937 kuma ya mai da shi harshen hukuma na farko. An sauƙaƙa ƙa'idar rubutu, an fitar da daidaitaccen nahawu a 1958.

Inda aka samu tangarɗa shi ne an ɗora wa makaranta kusan dukan nauyin. Yaro zai shekara goma sha uku yana karanta shi a matsayin darasi, ya ci jarrabawa, ya fito bai da wanda zai yi hira da shi a kasuwa ko wurin aiki. Ƙidayar 2022 ta nuna haka ƙarara: kusan mutum miliyan 1.9 suka ce suna iya shi, amma kimanin 72,000 ne ke amfani da shi kullum a wajen makaranta. A yankunan Gaeltacht, inda ya kasance harshen gida, galibi a Donegal, Galway, Mayo da Kerry, masu yin sa kullum ba su wuce 20,000 da 'yan kai ba. Ƙarancin aiki da tsadar gidaje na korar matasa, masu Turanci kuma na shigowa.

Abin da ya fi yin tasiri daga baya daga iyaye ya fito: makarantun gaelscoileanna, inda ake koyar da kusan kowane darasi da Ayirish, sun yaɗu a birane tun shekarun 1970. An buɗe gidan rediyon Raidió na Gaeltachta a 1972, da tashar talabijin da yanzu ake kira TG4 a 1996. Tarayyar Turai ta karɓe shi cikin harsunanta a 2007, ya samu cikakken matsayi a 2022, shekarar da doka ta ba shi matsayin hukuma a Ayalan ta Arewa, ɓangaren tsibirin da ya rage ƙarƙashin Birtaniya.