Dropbear

Dropbear wata ƙaramar manhaja ce da ake amfani da ita wajen shiga kwamfuta daga nesa ta hanyar ƙa'idar SSH, wato ƙa'idar da take ɓoye duk abin da ke wucewa tsakanin na'urori biyu don kada wani da ke tsakiyar hanya ya karanta kalmar sirri ko umarnin da aka aika. Matt Johnston, wani masanin manhaja ɗan ƙasar Ostareliya, shi ya rubuta ta da harshen C, ya fitar da ita a shekarar 2003 a ƙarƙashin lasisi irin na MIT, wanda ya ba kowa damar amfani da ita da gyara ta kyauta. Sunan ya samo asali ne daga wata dabbar tatsuniya da mutanen Ostareliya ke tsorata baƙi da ita, mai kama da kowala, wadda ake cewa tana faɗowa kan mutane daga saman bishiya.

Ita kanta ƙa'idar SSH, Tatu Ylönen ne ya ƙirƙiro ta a Finlan a 1995, bayan an gano ana satar kalmomin sirri a hanyar sadarwar jami'arsa, domin a lokacin Telnet, tsohuwar hanyar shiga kwamfuta daga nesa, yana aika su a fili ba tare da wata kariya ba. Daga baya manhajar SSH mai suna OpenSSH, wadda ta fito daga aikin OpenBSD a 1999, ta zama ruwan dare a manyan kwamfutoci. Sai dai na'urar rarraba intanet ta gida, wadda sau da yawa ma'ajiyarta ba ta wuce megabait kaɗan ba, tana buƙatar abu marar nauyi, kuma a nan ne Dropbear ta samu gindin zama. Idan aka haɗa ta da zaɓuɓɓuka mafi ƙaranci, girmanta kan tsaya a kusan kilobait 110, shi ya sa OpenWrt, tsarin aikin Linux da ake sa wa irin waɗannan na'urori, ya ɗauke ta a matsayin ƙofar shigarsa ta asali. Sigar SSH ta biyu kaɗai take aiki da ita, kuma lissafin ɓoye bayananta ya dogara ne ga tarin shirye-shiryen manhaja na LibTomCrypt da LibTomMath.

Manhajar ta kasu kashi-kashi. Sabar da ke jiran masu shiga ita ce dropbear, wadda take sauraro a tasha ta 22, wato lambar ƙofar da haɗin SSH ke shigowa ta cikinta, sai in an canza mata wata da alamar -p. Wanda ake shiga da shi kuwa shi ne dbclient, sannan dropbearkey yana ƙera mabuɗai. Kafin sabar ta fara aiki dole ta mallaki mabuɗin shaidar kanta, wanda ake ajiyewa a /etc/dropbear, kuma alamar -R tana sa ta ƙera shi da kanta lokacin da aka fara neman haɗuwa da ita.

Inda aikin yake buƙatar natsuwa shi ne batun mabuɗan mai shiga. Umarnin dropbearkey -t ed25519 -f id_dropbear yana samar da mabuɗin sirri, ya kuma nuna na fili a allo. Wannan na filin ne ake kwafa zuwa fayil ɗin authorized_keys a na'urar da ake son shiga, wanda a OpenWrt yake zaune cikin /etc/dropbear maimakon babban fayil na .ssh da aka saba. Sai mutum ya tabbatar mabuɗin yana buɗe ƙofa, sa'an nan ya hana shiga da kalmar sirri ta alamar -s, domin wanda ya yi gaggawar rufewa kafin gwaji yakan kulle kansa a waje, har sai ya je gaban na'urar da kebul a hannu. Alamar -w kuma tana hana shiga da sunan root, wato asusun da ke da cikakken iko a kan na'urar, gaba ɗaya, matakin da ya dace ƙwarai ga na'urar da ke da wani asusun shiga ban da root kuma take fuskantar intanet, inda masu gwada kalmomin sirri ba dare ba rana suke ƙwanƙwasa tasha ta 22.

Abin da ya fi rikita sababbin masu amfani shi ne tsarin mabuɗin sirrin Dropbear ya bambanta da na OpenSSH, don haka sai an juya mabuɗin OpenSSH da dropbearconvert kafin dbclient ya karɓa. Haka kuma Dropbear ba ta zo da sabar SFTP tata ba, wato ta aika fayiloli ta hanyar SSH, sai an aro ta OpenSSH.

Akwai wani amfani da masu kula da sabar ke yaba mata a kansa. A tsarukan Linux na Debian da Ubuntu, kunshin dropbear-initramfs yana tayar da ita tun kafin babban tsarin kwamfuta ya farka, ta yadda mai sabar da faifanta yake kulle da LUKS, tsarin ɓoye bayanan faifai, zai iya shiga daga wani gari, ya rubuta cryptroot-unlock, ya sa kalmar buɗe faifan, sannan kwamfutar ta ci gaba da tashi.