Waiwaye: Yadda Gora Ke Zama Gyale

Idan bazara ta kama a Kano, kayan da suka fi tafiya a Kantin Kwari su ne masu laushi da sanyi a jiki: gyale, abaya, yadin doguwar riga. Da yawansu biskos ne, wato yadin da ake yi da narkakken itace, wasu kuma an rubuta a takardarsu cewa da itacen gora aka yi su. Mai saye da ya ji gora sai hankalinsa ya kwanta, ya ɗauka ɗan'uwan auduga ne, irin wadda kakanninmu suka kaɗa, suka saƙa, aka rina a Ƙofar Mata.

Asalin abin daga Ingila yake. A 1892 wasu masana uku, Cross da Bevan da Beadle, suka yi rajistar dabarar narkar da itace ya koma zare. A 1905 kamfanin Courtaulds ya fara sarrafa shi don kasuwa, talaka ya samu abin da ke sheƙi kamar siliki a farashi mai sauƙi.

Sai dai itace ba ya narkewa ta daɗi. Ana jiƙa niƙaƙƙensa a soda mai ƙuna, a zuba masa sinadarin kabon daisalfaid har ya yi kauri kamar zuma, sannan a matso shi ta ƙananan huji cikin asid irin na ruwan batir, ya daskare ya zama zare. Wannan sinadari na tsakiya shi ne bala'in. Shekara da shekaru yana lalata jijiyoyin ma'aikata, yana taɓa musu hankali da zuciya. Da Turai da Amurka suka tsaurara doka, sai yawancin aikin ya koma Sin da Indiya da Indunusiya. A 2017 ƙungiyar Changing Markets ta fitar da rahoto kan masana'antun can da ke sakin dagwalo cikin koguna, har da na garin Nagda a Indiya. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin kogin Challawa, ya ga ruwan da ke gangarowa daga masana'antun jima, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Ita gora ba ta da laifi, tana saurin girma, kuma ta fi a sare tsohon daji. Amma tukunya ɗaya take shiga da sauran itatuwa. Shi ya sa tun 2009 hukumar kula da ciniki ta Amurka take bin masu kiran biskos da sunan gora. A 2022 babban kantin Walmart ya biya tarar dala miliyan 3, kantin Kohl's kuma miliyan 2.5. Abin da ke damuna shi ne wannan takarda da aka ci tara a kanta can, a nan ita ce abin talla.

Akwai wata hanya da ake kira layosel, wadda kamfanin Lenzing na Ostiriya ke sayarwa da sunan Tencel. Ba ta amfani da wancan sinadari, kuma ana maido da sama da kashi 99 cikin 100 na ruwan narkarwar a sake aiki da shi. Ta fi tsada, ga shi ɗan kasuwar Kwari da ya je Sin sari farashi yake fara tambaya, domin ya san aljihun masu jiransa a gida.