Mene ne "zare" a dandalin X?

In ka ga an buɗe saƙo da kalmar "zare", ba maganar ɗinki ake ba. Jerin gajerun saƙonni ne da mutum ɗaya ya ɗaura su bi da bi a kan batu guda, kowane na rataye a jikin na gabansa, har maganar ta kai ƙarshe.

Ƙarancin wuri ne ya haife shi. Da aka buɗe Twitter a 2006, haruffa 140 kacal aka yarda saƙo ya ɗauka, domin ya shiga cikin saƙon tes na waya, wanda iyakarsa 160. Mai dogon bayani sai ya riƙa ba kansa amsa, yana sa lamba: 1, 2, 3. A Nuwamban 2017 aka ninka adadin zuwa 280, wata guda bayan nan kamfanin ya sa maɓallin haɗa saƙonni. An sauya wa dandalin suna zuwa X a 2023, zare dai yana nan.

A wajen koyarwa ya fi burge ni. Ɗauki malamin Hausa da ke son nuna amfanin haruffa masu lanƙwasa. Saƙon farko tambaya ce: ina bambancin "kafa" da "ƙafa"? Na biyu ya kawo jimla, "ya kafa ƙusa ta soke shi a ƙafa". Na uku ya ƙaro "bari" da "ɓari". Na huɗu ya ce kowa ya kawo nasa a ƙasa. Loma-loma ke nan, har ɗalibin da ke cikin A Daidaita Sahu zai gama kafin ya sauka. Shi ma malamin, ƙarancin wurin ya matse shi, dole ya zubar da "kamar yadda kowa ya sani" da sauran shimfiɗar da muka saba.

Duk wanda ya yi karatun allo ya san tsarin: a rubuta kaɗan, a riƙe, a wanke, a ƙara. Sai dai a makarantar allo ba ka wankewa sai ka biya wa malam ya ji. A zare babu mai tsare ka. Wani zai karanta saƙo biyu na farko, ya danna alamar so, ya adana sauran da niyyar "anjima", shi ke nan. Wani kuma ya tsinko saƙo na biyar shi kaɗai ya yaɗa, ba kai ba gindi, a kwana ana musu da malam a kan abin da ya riga ya warware a na shida.