Malamin addini a asibitin gwamnati: ga amsoshin, a bar ni in huta

Tun da aka ji ina zagayen marasa lafiya ba ni da sakat, ko a layin keke a Tudun Wada sai an tare ni da tambayoyin nan a kan ɗaukar malamin addini aiki da albashi a asibitin gwamnati. Ga su, dan Allah kar a sake.

Wai mene ne aikinsa?
Ya zauna da mara lafiya, ya saurare shi, ya yi masa addu'a, ya nuna wa mai robar fitsari yadda zai yi taimama ya yi sallah a kwance. Shi ke nan.

Wa'azi fa?
A'a. Wanda ya ce ba ya so, sai a ƙyale shi.

Zai ba da rubutu?
Haba! Shi likita ne? Kuma ku masu cewa a cire ƙarin ruwa a koma gida a yi tofi, ku ji tsoron Allah.

Tsarin mulki bai hana biyansa albashi ba?
Sashe na 10 na kundin 1999 cewa ya yi kar gwamnati ta ɗauki addini guda ta ce nata ne. Sojojinmu suna da limamai da fastoci masu albashi. Faransa ma da ta raba coci da gwamnati a 1905, dokar ta yarda a biya na asibiti da na gidan yari.

Ba ga masu yi saboda Allah ba?
Allah ya saka musu, ni ma cikinsu nake, amma mai sa kai ba ya nan ƙarfe uku na dare, kuma ba wanda zai tuhume shi in ya fesa sirrin mara lafiya a majalisa.

Dangi sun ce kar a faɗa wa Baba cewa ciwon daji ne ya ci jikinsa, shi kuma ya riƙe hannunka ya ce "Malam, zan tashi kuwa?" Me za ka ce?
To wannan ce mai wuya. Ƙarya dai ba zan yi masa ba, kuma faɗin sakamakon gwaji aikin likita ne. Yawanci nakan ce "Baba, kai me kake ji a ranka?" sai ka ga ashe ya daɗe da sani, 'ya'yan yake tausayi, yana son ya yi wasiyya, ya faɗi bashin da ke kansa, a kira masa ƙaninsa da suka shekara ba sa magana. Amma ba kowa ba, wani so yake kawai a ce Allah ne mai warkarwa, kuma gaskiya ce, sai in tsaya nan. In ya nace, sai in nemi babban ɗansa mu je wajen likita tare, wani sa'in su yarda wani sa'in su yi fushi da ni, ya danganta da gidan. Cicely Saunders da ta buɗe gidan kula da masu ciwon ajali a Landan a 1967 ta koyar cewa ciwo ba a jiki kaɗai yake ba, har da tsoro da damuwar iyali, irin wannan take nufi.

In Kirista ne?
A kira masa fastonsa mana. Wusasa da Sabon Gari ba nisa.